Babi na Tara: Iyayen Zinariya

Dutsen da ya kai arziki ƙauyukan Anka da Bukkuyum shi ne kuma ya kai musu makoki. Mutanen Kebbe da Tambuwal ba a rediyo kaɗai suka ji labarin ba, domin Kebbe a bakin iyakar Zamfara take, ana cin kasuwa tare, akwai auratayya. Yadda ake aikin ba ɓoyayye ba ne. A fasa dutse da guduma, a kai shi injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi, ya fito gari. A wanke garin a kwano, a zuba masa zaiba ta bi ta tsince zinariyar, a matse a tsumma, a ɗora ɗan dunƙulen a wuta. Zaiba ta tashi ta bi iska, a bar ɗan ƙwallo rawaya wanda za a aza a sikeli. Abin da ba a lura da shi ba shi ne ƙurar niƙan, wadda ta cika tsakar gidaje inda yara ke rarrafe. Dutsen cike yake da dalma. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke faruwa a Dareta da Yargalma da maƙwabtansu, daga baya Bagega ta shigo lissafi. Yara sama da 400 suka rasu.

A cikin kwanon nan na mai wanki ƙarafa uku ne suka haɗu, kuma a jadawalin sinadarai ma maƙwabtan juna ne: zinariya ce ta 79, zaiba ta 80, dalma ta 82. Lambar ba ta komai ba ce illa yawan furoton da ke cikin cibiyar kowace ƙwayar zarra. Furoton uku kacal ne tsakanin abin da ake kai wa amarya a lefe da abin da ya kashe yaran Dareta.

Cibiyar nan Ernest Rutherford ne ya gano ta a 1911. Ƙanƙantarta ta wuce misali, ana auna ta da femtomita, wato a raba milimita ɗaya gida tiriliyan a ɗauki ɗaya. Amma kusan duk nauyin ƙwayar zarra a cikinta yake. A 1932 James Chadwick ya gano cewa furoton ba su kaɗai suke zaune a wurin ba, akwai niyutron, wanda nauyinsa kusan ɗaya da na furoton amma ba ya ɗauke da cajin lantarki. Furoton ba sa ga maciji da juna, kowane yana ture ɗan'uwansa. Niyutron ne ke shiga tsakani ya ƙara ƙarfin riƙo ba tare da ya ƙara turereniya ba. Shi ya sa ƙananan sinadarai ke zama lafiya da rabi da rabi, kamar oksijin mai furoton 8 da niyutron 8, amma manya sai sun tara niyutron fiye da furoton. Zinariya tana da 118 a kan furotonta 79, jimla 197. Fiye da rabin dalmar duniya kuwa mai niyutron 126 ce, jimla 208.

A riƙe wannan 126 ɗin. A 1949 Maria Goeppert Mayer a Amurka, da Hans Jensen da abokan aikinsa a Jamus, suka bayyana dalilin da ya sa wasu cibiyoyi suka fi sauran ƙwari. Furoton da niyutron ba a cakuɗe suke ba, sahu-sahu suke, kuma sahu yana cika ne a kan 2, 8, 20, 28, 50, 82, sai 126. Masana suka laƙaba musu lambobin sihiri. Cibiyar da sahunta ya cika ba ta son ƙari, ba ta son ragi, kuma da wuya a girgiza ta. Dalma-208 ta cika ta fuska biyu, furoton 82, niyutron 126. Ƙarfen toriyom, bayan ya shafe biliyoyin shekaru yana rikiɗa, a kanta yake tsayawa. Yuraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit ta Nijar ma ƙarshensa dalma ne, sai dai mai 206 da 207. Mayer da Jensen sun sami kyautar Nobel a 1963, aka shigar da lambobin cikin littattafan makaranta, aka ɗauka an gama magana.

Mutum ba sai ya tsallaka teku ba kafin ya ga aikin sahun nan. A Zariya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai 'yar tukunyar nukiliya mai suna NIRR-1, ƙirar ƙasar Sin, wadda aka fara tayarwa ranar 3 ga Fabrairun 2004. Ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne na zafi, ba ta ba kowa wutar lantarki, aikinta ɓarin niyutron. A 2018 aka canja mata makamashi daga yuraniyom mai tacewar kashi 90 cikin ɗari zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Idan aka kawo ƙasa ko dutse, sai a daka shi luƙui, a auna ɗan abin da bai kai giram ba, a naɗe a leda, a rufe a 'yar kwalbar roba. Iska ce ke cilla kwalbar ta cikin bututu zuwa gefen tukunyar, inda ɗaruruwan biliyoyin niyutron ke ratsa kowane murabba'in santimita a kowane sakan. Bayan mintoci ko awoyi a dawo da ita, a aza ta kan na'urar jamaniyom da ake sanyayawa da ruwan naitirojin. In akwai zinariya a ciki, komai ƙanƙantarta, wasu cibiyoyinta sun haɗiyi niyutron ɗaya sun koma zinariya-198. Ita kuwa ba ta zama: duk bayan kwana 2.7 rabin abin da ya rage ya rikiɗe. Niyutron ɗaya zai juye ya zama furoton, 79 ta koma 80, zinariya ta zama zaiba, tana fitar da hasken gamma mai ƙarfin kilo-ilektoron-bolt 412. A allon kwamfuta sai a ga layi ya miƙe tsaye daidai kan 412. Gishirin da ke cikin ƙasar ma yana da nasa layin, na sodiyom-24.

Dalma fa? Shiru. Kwaɗayin zinariya ga niyutron mai tafiya a hankali ya ninka na dalma-208 fiye da sau dubu ɗari. Don haka wannan dabarar, da ke iya tono zinariya a cikin ƙura, ba da ita ake neman dalma ba, sai an koma wasu na'urori.

Abin da ake yi a Zariya ƙarin niyutron ɗaya ne, a tsaya a jira. To, da a ce niyutron suna zubowa da yawan da cibiya ba za ta sami sararin rikiɗa ba kafin wani ya iso, da wani, da wani? A 1957 Margaret Burbidge da mijinta Geoffrey, da William Fowler da Fred Hoyle, suka zana wannan hanyar a takarda, Alastair Cameron ma ya zana ta shi kaɗai a Kanada. Cibiya za ta yi ta haɗiya har ta ɗauki niyutron ashirin ko talatin fiye da ƙa'ida, duk cikin abin da bai wuce sakan ɗaya ko biyu ba. Tana cikin gudu sai ta iso 126, a lokacin furotonta ba su wuce saba'in ko kusa da haka ba. Nan sahu ya cika, haɗiya ta tsaya. Sai cunkoso: masu isowa suna ta taruwa a wurin. Da ruwan niyutron ya ɗauke, waɗannan cibiyoyin da suka taru sai su shiga rikiɗa, niyutron na juyewa furoton ɗaya bayan ɗaya, jimlar tana nan kusa da 195, har su sauka a kan abin da zai zauna. Abin da ke zaune a wurin shi ne filatinom da zinariya. Mafi yawan zinariyar da ke ƙasar Zamfara, da wadda ke kunnuwan matan Tambuwal, ta wannan cunkoson ta fito, tun ba a halicci ƙasar da muke takawa ba. Lambar da ta sa dalma taurin kai ita ce ta tara iyayen zinariya wuri ɗaya.

Shekara sittin ana gardamar inda hakan ke faruwa. Ranar 17 ga Agustan 2017, wajen azahar agogon Najeriya, ana tsakiyar damina, na'urorin LIGO a Amurka da Virgo a Italiya suka kama girgizar sararin samaniya daga wasu gawarwakin taurari biyu, waɗanda kusan duk jikinsu niyutron ne, da suka yi karo. Nisan wurin tafiyar haske ce ta shekara miliyan 130. Kafin awa goma sha biyu masu hangen taurari a ƙasar Chile suka ga hasken. Ya fara da shuɗi-shuɗi, cikin kwanaki ya koma ja, daidai yadda aka yi hasashe in har ana ƙera manyan sinadarai a wurin. A 2019 aka tabbatar da sinadarin sitirontiyom a cikin hasken. Jaridu sun yi ta kwakwazon an ga ana ƙera zinariya, amma layin zinariya kanta ba a gani ba, lissafi ne ya nuna ta. Lissafin kuwa ya dogara ne da halayen cibiyoyin da ba wanda ya taɓa riƙewa.

Nan matsalar take. Cibiyoyi masu zama daram kimanin 250 ne. Waɗanda aka taɓa ƙerawa ko gani sun haura 3,000. Masu lissafi suna ganin waɗanda za su iya samuwa sun kusa 7,000, kuma mafi yawan na ɓoyen a ɓangaren masu yawan niyutron suke. Wa ya ce lambobin da Mayer ta tsinto daga cibiyoyi masu zaman lafiya za su ci gaba da aiki a can? Sai an gwada. Gwadawar kuma ba ta da wata hanya sai karo, tunda ba madubin da ke nuna cikin cibiya. A jefe ta da wani abu, ko a jefa ta kan wani abu, a duba me ya fito, ta wace kusurwa, da wane ƙarfi. Rutherford ma haka ya yi, kuma abin da ya yi wa jifan fallen zinariya ne. Amma shi abin jifansa yana ajiye a teburi. Abin da bai kai sakan ɗaya a duniya ba, ba a yin falle da shi. Sai aka juya al'amarin: mai gajeren kwanan ya zama harsashi. A harba cibiya mai nauyi da gudun da ya kai rabin na haske ko fiye, ta daki ƙarfen beriliyom ta farfashe, manyan maganaɗisu su tace ɓaraguzan su ware irin wadda ake so, ta wuce kai tsaye ta daki abin jifa na biyu, duk kafin ta mutu.

Wanda ya fara ba duniya mamaki da wannan dabarar Isao Tanihata ne, ɗan Japan, a Berkeley ta Amurka a 1985. Tambayarsa ba ta da ado: in aka harba cibiyoyi dubu ta cikin falle, nawa za su fita lafiya? Mai faɗi ta fi saurin cin karo, saboda haka daga yawan waɗanda suka ɓace za a san girmanta. Ya bi jerin litiyom, ƙarfen nan na batirin waya, mai furoton 3. Litiyom-6, 7, 8 da 9 duk girmansu kusan ɗaya, ƙasa da femtomita biyu da rabi daga tsakiya zuwa gefe. Litiyom-10 ba ta ma haɗuwa, nan take take tofar da niyutron. Sai ga litiyom-11 ta yi tsalle ta haura uku. Niyutron biyu kawai aka ƙara, ta kumbura ta kamo cibiyoyin da suka ninka ta nauyi sau huɗu.

A 1987 Gregers Hansen da Björn Jonson suka ba da fassara: niyutron biyun na ƙarshe riƙon da aka yi musu sako-sako ne ƙwarai, don haka suna yawo can nesa da sauran, suna kewaye da su. Suka kira abin sansani, irin wanda wata ke yi. Shekara guda bayan haka wani gwajin ya gaskata su ta hanya mai daɗin bi. Aka fizge niyutron biyun da karo, aka auna yadda litiyom-9 da ta rage ta karkace daga hanya. A dokar ƙananan halittu, abin da aka matse a ƙuntataccen wuri yana da yawan motsi, wanda aka sakar wa fili kuwa motsinsa kaɗan ne. Litiyom-9 ta wuce kusan a miƙe, alamar cewa abokan zamanta a wadataccen fili suke. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda ukun ke riƙe juna. Litiyom-9 da niyutron ɗaya ba sa zama. Niyutron biyu su kaɗai ba sa zama. Sai an haɗa ukun, kamar duwatsun murhu, in ka zare ɗaya tukunya ta kife. Duk wannan zaman, rabin rayuwarsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na sakan ba.

Lambobin sihirin ma ba su tsira ba. Tun a 1975 masu auna nauyin sodiyom a CERN, cibiyar binciken Turai da ke Janiba, suka ga wani abu bai daidaita ba a kusa da niyutron 20. A 1995 a RIKEN ta Japan, Tohru Motobayashi da abokan aikinsa suka harba magniziyom-32, mai furoton 12 da niyutron 20, ta gilma kusa da cibiyoyin dalma ba tare da ta taɓa su ba. Cajin dalmar kaɗai ya isa ya girgiza ta, kuma ta girgizu cikin sauƙi, abin da cikakken sahu ba ya yi. Ashe ba ma dunƙulalliya ba ce, a miƙe take. Lamba 20 ta daina aiki a wurin. A gefe guda kuma sababbi suka ɓullo inda ba a zata ba: 16 a oksijin-24, sai 34 a kalsiyom-54, wadda aka tabbatar a 2013.

Labarin oksijin ya fi ba ni sha'awa, don ya nuna iyakar masu lissafi. Oksijin ba ta iya riƙe niyutron fiye da 16. Ƙara furoton ɗaya tak, ta zama fulorin, sai ta riƙe 22. Shekara da shekaru ana sa ran oksijin-28, mai 8 da 20, za ta zama cikakkiya ta fuska biyu kamar dalma-208. A 2023 Yosuke Kondo da tawagarsa suka ba da sakamakon gwajinsu na RIKEN. Sun farfasa kalsiyom-48 suka ware fulorin-29, suka harba ta cikin ruwan haidirojin, karon ya fizge furoton ɗaya. Oksijin-28 ta samu, ta kuma watse nan take zuwa oksijin-24 da niyutron huɗu. Tsawon ranta: a raba sakan gida tiriliyan, a sake raba ɗaya gida biliyan. Ba ita aka gani ba, gutsattsarinta biyar aka kama lokaci guda aka lissafa baya. Sahun 20 a nan ma bai rufe ba.

Kada a ɗauka duk ginin ya rushe. Ƙarfen kuza, wanda Hausawa da yawa suka yi leburancin haƙarsa a Jos, yana da furoton 50, kuma ya fi kowane sinadari yawan nau'o'i masu zama, har goma. Nau'in 132, mai niyutron 82, rabin rayuwarsa sakan 40 ne. A Oak Ridge ta Amurka, Kate Jones da tawagarta suka samo shi daga fashewar yuraniyom, suka harba shi kan siririyar leda da aka yi da haidirojin mai nauyi, wanda cibiyarsa furoton ɗaya ce da niyutron ɗaya. A karon, niyutron ya tsallaka ya hau cibiyar kuza, furoton ya fice shi kaɗai. Daga kusurwar da furoton ɗin ya bi da ƙarfin da ya fita da shi aka karanta gurbin da baƙon ya sauka. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna baƙon yana zagayensa shi kaɗai a saman rufaffen sahu, tsaf. Wato 82 tana nan da ƙarfinta ko da an yi nisa da masu zaman lafiya. A ƙananan cibiyoyi sahu ya kan narke, a wannan babbar ya tsaya. Na 126 a can ƙasan dalma shi ne ba a kai gare shi ba.

Wani zai ce, garin da asibitinsa ke neman jini da magani, me ya haɗa shi da abin da ba ya kai sakan? Ba zan ce Najeriya ta gina irin waɗannan injuna ba. Wanda Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe a watan Mayun 2022, mai suna FRIB, ya ci dala miliyan 730. A duk Afirka babban wurin irin wannan bincike iThemba LABS ne, kusa da Cape Town. Amma gwaje-gwajen nan ba mutum ɗaya ke yin su ba, takarda ɗaya kan ɗauki sunaye ɗari daga ƙasashe goma ko fiye, kuma rabin aikin zama ne gaban kwamfuta ana tsefe layukan gamma. Na'urar jamaniyom da ke Zariya dangi ɗaya ce da waɗanda aka jera a Michigan da Japan. Yaron Dogon Daji ko Kuchi da ya karanta fiziks a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Aleiro, ya je Zariya ya koyi bambance layin 412 daga hayaniyar da ke kewaye da shi, ya riga ya iya karatun da ake buƙata a can. Abin da ya kan rasa malami ne mai hanya da kuɗin tafiya, kuma waɗannan sun fi injin araha nesa ba kusa ba.

A Fabrairun 2024 masu bincike a FRIB suka sanar da cibiyoyi biyar da ba a taɓa gani a doron ƙasa ba. Sun harba filatinom-198 kan gawayi tsantsa, suka tace ɓaraguzan: tuliyom-182 da 183, itabiyom-186 da 187, da lutetiyom-190. Itabiyom yana da furoton 70, daidai unguwar da iyayen zinariya suka yi cunkoso. Nau'in 187 yana da niyutron 117. Wanda ake nema mai 126 ne, a lokacin saura tara, kuma kowane ƙarin ɗaya ya fi na bayansa wuyar samu ninkin-ba-ninkin. Ana ƙara wa injin na Michigan ƙarfi mataki-mataki, a Darmstadt ta Jamus kuma ana gina wani mai suna FAIR, dukansu da wannan yankin a cikin abin da suka sa gaba.